Kariya daga kamuwa da ƙwayoyin cuta bayan gwajin tsokar furostet

Furostet wata 'yar gaɓa ce a jikin namiji, mai girman ƙwayar goro, da ke zaune a ƙarƙashin mafitsara tana kewaye da bututun fitsari. Idan gwajin jini na PSA ya hau, ko likita ya ji tauri a jikinta, akan ɗebi ɗan namanta da siririyar allura a kai ɗakin gwaji don a tabbatar ko akwai ciwon daji. Yawanci akan ɗebi sili 10 zuwa 12, kuma majinyaci kan koma gida a ranar. Babbar matsalar da ke iya biyo baya ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin furostet, mafitsara ko jini.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, wadda aka fi sabawa da ita, ta dubura ce: allura na huda bangon hanji ta isa furostet da ke jingine da shi. Hanji kuwa matattara ce ta ƙwayoyin cuta, musamman wadda ake kira E. coli, don haka kowace huda na iya tura su ciki. Kusan mutum 1 zuwa 3 cikin 100 da aka yi wa ta wannan hanya sukan kamu har a kwantar da su. Hanya ta biyu ta fatar da ke tsakanin 'ya'yan maraina da dubura ce. Da yake ana iya wanke fata tas, kuma allura ba ta ratsa hanji, haɗarin ya ragu ƙwarai, shi ya sa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta fifita ta a inda ake da kayan aiki da ƙwarewa.

Kariya tana farawa tun kafin ranar gwaji. Ana duba fitsari, in an sami cuta a magance ta tukuna, a ɗage gwajin. Mai ciwon suga yana buƙatar daidaita sugansa. Akwai kuma tambayoyin da ke buƙatar cikakkiyar amsa: ko an kwantar da mutum a asibiti kwanan nan, ko yana da robar fitsari, ko ya taɓa yin wannan gwaji ya yi zazzaɓi, ko yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta da mutum ya sha a watanni 6 da suka wuce. Shekaru da dama ciprofloxacin ne maganin rigakafi na wannan gwaji, amma E. coli da yawa sun daina jin sa. A shekarar 2019 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da wannan rukunin magani, har da hana bayar da shi a matsayin rigakafi a wannan gwaji. A ƙasar Hausa matsalar rashin jin maganin ta fi tsanani, domin mutane da yawa kan saye shi a kemis don taifot ko ciwon sanyi ba tare da takardar likita ba. Wanda ya ɓoye cewa ya sha shi, za a iya ba shi rigakafin da ba zai yi masa aiki ba. Idan likita ya sani, yakan sauya zuwa fosfomycin, ceftriaxone ko gentamicin, ko ya ɗauki samfuri daga dubura don gano maganin da ƙwayoyin mutumin ke ji. Wanke dubura da ruwan aidin dab da shigar allura shi ma yana rage kamuwa.

Bayan gwaji, ganin jini kaɗan a fitsari na 'yan kwanaki, ko a bayan gida na kwana ɗaya zuwa biyu, ba abin tsoro ba ne. Jini a maniyyi na iya kai makonni. Ana son shan ruwa sosai, a sha maganin da aka rubuta a kan lokaci, a guji ɗaukar kaya masu nauyi na kwana biyu.

Alamomin haɗari kan bayyana ne galibi a kwanaki 3 na farko: zazzaɓin da ya kai digiri 38, rawar ɗari, zafin fitsari mai ƙaruwa, ɗaukewar fitsari, jiri ko rikicewar tunani. Kuskuren da ake yawan gani a asibiti shi ne a ɗauki wannan zazzaɓi a matsayin na cizon sauro, a sha magani a gida, a jira gari ya waye. Cutar da ta shiga jini tana iya durƙusar da ƙoda ta saukar da bugun jini cikin sa'o'i. Duk zazzaɓin da ya biyo bayan wannan gwaji na gaggawa ne: a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare, a faɗa wa ma'aikata ranar da aka yi gwajin da sunan maganin da aka sha, domin a ɗebi jini da fitsari a fara allurar jijiya ba jinkiri. Ya kamata iyalin majinyaci su san waɗannan alamomi tun kafin a sallame shi, domin wanda hankalinsa ya fara gushewa ba ya iya kai kansa asibiti.