Darasi Na 14: Mutumin Da Ya Lissafa Iska

Manomi yakan dubi gabas, ya ga hadari, ya ce, "Gobe sai shuka." Wata rana ya dace. Wata rana ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. To, ko lissafi zai iya gaya mana abin da sama za ta yi gobe?

Wani Bature ya ce zai iya. Sunansa Richardson. An haife shi a Ingila cikin 1881.

Ga dabararsa. Iskar duniya ta fi ƙarfin a lissafa ta gaba ɗaya. Sai ya ɗauki taswira, ya tsaga ta gida-gida, kamar gidajen dara. A kowane gida ya rubuta zafi, da nauyin iska, da inda ta nufa. Sa'an nan ya lissafa abin da kowane gida zai tura wa maƙwabcinsa nan da ɗan lokaci. Tarawa ce da ɗebewa da sau da rabawa, irin waɗanda kuke koyo, sai dai suna da yawa ƙwarai.

Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya ƙi ɗaukar bindiga. Ya tafi Faransa yana tuƙa motar ɗaukar masu rauni. In ya sami hutu, sai ya ɗauki fensir. Har takardunsa suka ɓace, daga baya aka tsince su ƙarƙashin tarin kwal.

Ya yi wajen mako 6 yana lissafin abin da iska za ta yi cikin awa 6 tak. Amsa kuwa ta fito ba daidai ba, ko kusa! Duk da haka bai ɓoye ba. Ya buga ta cikin littafinsa a 1922. Ya ce sai an tara mutum 64,000 masu lissafi kafin a cim ma iskar duniya.

Ashe dabarar ba ta da laifi. Awon da ya fara da shi ne bai daidaita ba. A 1950 aka gwada irin hanyarsa a Amurka da na'urar lissafi, aka dace. Ya ji labari kafin ya mutu a 1953. Yau in kun ji rediyo ta ce ana sa ran ruwa gobe, da irin wannan lissafi aka sani.

Tambayoyi
1. Don me Richardson ya tsaga taswira gida-gida?
2. Kwana nawa ne cikin mako 6?
3. Daga 1922 zuwa 1950 shekara nawa ke nan?