Darasin Wannan Wata: Gyara Fuskar Wayarka

Ya ku ɗaliban yaƙi da jahilci, layin GSM ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001. Yau manomin rake a Dandamisa yakan sayar da kayansa, a turo masa kuɗi ta waya. Haka abin yake a sauran garuruwan Makarfi da Ikara da Kudan. Idan saƙon banki ya shigo, gara mutum ya karanta da kansa. In rubutu ya yi ƙanana, ana iya ganin 5,000 a zaci 50,000 ne. Sifiri ɗaya ya isa ya jawo asara.

Saboda haka za mu koyi gyara abubuwa uku a wayar Android, irin su Tecno da Itel da Infinix.

1. Hoton bango
Shi ne hoton da ke bayan alamomin waya. Ɗora yatsa a wurin da babu komai, ka danne kaɗan. Za ka ga kalmar Wallpaper. Taɓa ta, ka zaɓi hoto. Zaɓi mai launi ɗaya ko biyu. Hoto mai tarkace yana ɓoye lokaci da sunayen alamomi. Kwamfuta ma tana da hoton bango. Wanda ya zo da Windows XP a 2001, koren tudu ne kawai da shuɗin sama.

2. Girman rubutu
Nemi alama mai kama da ƙaramar taya mai haƙora. Sunanta Settings. Shiga Display, ka nemi Font size. Ƙara girman har ka iya karatu ba tare da ƙanƙance ido ba. A wasu wayoyi wurin yakan ɗan bambanta. Malamin aji zai nuna maka.

3. Fari ko baƙi
Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, ana iya mayar da fuskar waya baƙa, rubutu ya zama fari. Baƙar ba ta kashe ido da dare, kuma a wasu wayoyi tana rage cin batir. Amma a gona, cikin rana, farar ta fi sauƙin karantawa.

A kula
Duk wanda ya ɗauki wayarka zai ga hoton bangonta, ko da a kulle take. Kada ka sa hoton katin banki ko lambar sirri a wurin. Kada ka sauko da manhajar hotuna barkatai. Da yawansu cike suke da talla, suna cinye data. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Wane irin hoto ya dace da bangon waya?
2. A ina ake ƙara girman rubutu?
3. Me bai kamata a sa a hoton bango ba?

Aikin gida
Ƙara girman rubutun wayarka. Sannan ka karanta saƙo ɗaya da ƙarfi, ka kwafe lambobin da ke ciki a littafinka.