Gargaɗi ga Direbobi a kan Ruwan Lagireto

Dalilin rubuta wannan takarda shi ne, duk shekara in bazara ta kama, a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Madarunfa, wanda ya bi hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Ɗan Issa ta nufi Jibiya da Katsina, musamman ran Litinin ko Jumma'a da kasuwar Maraɗi ke ci, da wuya ya rasa ganin mota tsaye a gefen kwalta, tururi na tashi daga gabanta, fasinjoji sun watse neman inuwar gawo, direba kuwa yana rantsuwa da asuba ya cika lagireto, bai san inda ruwan ya shiga ba.

To, ya kai ɗan'uwa, ka sani ruwan inji kewayawa yake yi a rufe, daga lagireto zuwa cikin inji ya komo, saboda haka motar da ke neman ƙari kullum safiya tana da ciwo, ko an ga ɗigo a ƙasa ko ba a gani ba. Misalinta kamar randa ce da aka kafa cikin rairayi ta tsage daga gindi: uwargida ta cika ta da hantsi, kafin la'asar ta tarar da rabi, ta duba baki ta duba jiki ba ta ga laima ba, sai ta kama zargin yara da ɓarna, ta zargi kishiya, ta zargi mai ga-ruwa da rage mata tulu, alhali kuwa ƙasa ce ke shanyewa a ɓoye, kuma duk ƙarin da take yi, rairayi take shayarwa. Haka direban da ya mai da jarka abokiyar tafiyarsa yake.

Amma babbar musiba ita ce buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwa a tukunya yana tafasa ne a digiri 100, shi kuwa wannan murfi an ƙera shi ya danne ruwan, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an murɗa shi, dannewar ta tafi, sai ruwan ya tafasa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ya yi tsiri sama, ya sauka a fuska da ƙirji da hannu. Kuma wa ake turawa? Yaron mota, ɗan mutane da aka ba ka amana ya koyi sana'a, kai kana zaune bisa kujera kana daka masa tsawa ya yi sauri, shi kuwa da tsumma a hannu, kamar tsumma zai tare masa wani abu. Wannan ganganci ne, kuma malamai sun tabbatar mana kiyaye rai da lafiyar wanda ke ƙarƙashinka wajibi ne, wanda kuwa ya yi sakaci da wajibi ba ya fakewa da ƙaddara. In allurar zafin inji ta hau ja, ka sauka daga kwalta sosai, ka sa alama a baya, ka kashe inji, ka yi haƙuri aƙalla rabin awa, sai ka iya dafa babban tiyo ka ji ya huce ya yi laushi, sa'an nan ka murɗa murfin kaɗan, iska ta fita, kafin ka cire. Kada ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, domin ƙarfe yakan tsage. In kuwa tsautsayi ya riga ya auku, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a kan ƙunar kamar minti 20, kada a shafa baƙin mai ko ƙwai ko man goge baki, kada a fasa bororon, a garzaya da shi asibiti.

Neman inda ruwan ke bi ba shi da wuya ga mai lura. Ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana, ka duba da safe. Ka bi bakin kowane tiyo da ƙasan famfon ruwa, domin yoyon da ke bushewa da zafin inji yakan bar farin tabo ko tsatsa. Ka dubi robar murfin, wadda sau da yawa ita ce mai laifi, ga ta kuwa da araha. In tabarmar gaba tana jiƙewa, tukunyar ɗumama mota ce ta huje. In duk waje a bushe yake, amma salansa na fid da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, ko ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, to gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa na shiga ciki, sai garaji, kuma bakanike ya auna kan injin ko ya lanƙwashe kafin ya sa sabo.

A bar zuba garin taba ko sabulu don toshe huji, gama har hanyoyin ruwa suke toshewa. Ruwan rijiya da na tafki suna barin gishiri da laka, gara ruwan lagireto na kanti mai launi. Sai dai shi wannan guba ne, ga shi da zaƙi, a ajiye shi nesa da yara da bisashe, kada kuma a zuba shi a gorar ruwan sha.