Amsoshin Tambayoyinku: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a jami'a. Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu, alhali a makon jarrabawa ko runtsawa ba na yi. Yanzu an koma sabon zango, ga shi da yamma ina taya mahaifina zaman shago. Yaya zan tsara lokacina don kada a koma gidan jiya? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan taimako da kake wa mahaifi. Amma bari in faɗa maka gaskiya: ba a makon jarrabawa ka faɗi ba, tun makonnin farko ka faɗi, lokacin da kowa ke cewa ai ba a fara lacca sosai ba.

Mu yi lissafi tare. A jami'o'in Nijeriya, zango yakan ɗauki kamar mako 15 ana koyarwa. Kwas mai yunit uku yana nufin awa uku a mako, wato awa 45 a zango. Yawancin jami'o'i kuma suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Wanda ya yi mako uku a gida yana jiran "a daidaita" ya riga ya cinye kashi 20, saura kaɗan ya tsallake iyaka. Haka nan maki 30 ko 40 na kowane kwas daga gwaji da aikin gida suke fitowa. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da maki 8 a hannu, ko kwana nawa ya yi bai yi barci ba, hawan dutse ne a gabansa.

To, me za ka yi? Da farko, ka kammala rajista cikin makon nan, ka sa kwas biyun da ka faɗi a gaba, ka karɓi jadawalin lacca da jerin darussan kowane malami.

Na biyu, kuma nan ne gishirin maganar: kada ka tsara ranarka da agogo kaɗai, ka ɗaure ta da salloli biyar, tunda su ba sa tashi daga wurinsu. Bayan asuba, kafin hayaniyar ɗaki ta fara, kafin layin ɗiban ruwa ya yi tsawo, ka zauna awa ɗaya da kwas ɗin da ya fi ba ka wuya. Da sanyin safiya ake kama fara. Tsakanin lacca da lacca, maimakon zaman majalisa a gindin bishiya, ka shiga laburare ka gyara rubutun da ka yi a gurguje. Bayan isha'i kuma, minti 30 sun isa ka sake duba abin da aka koyar a ranar, ka rufe littafin, ka faɗa wa kanka da baki abin da ka riƙe.

Wannan bitar ba ƙaramin abu ba ce. Tun a 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya amfani. Almajiran tsangaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a barin tilawa.

Na uku, batun shago. Kada ka bari ya zama nauyin da kake ɗauka a ɓoye. Ka zauna da Baba cikin ladabi, ka nuna masa jadawalinka, ku tsayar da ranaku da sa'o'in da za ka riƙa zama, ka roƙe shi sassauci a makonnin gwaji. Uban da ke biyan kuɗin makaranta ba zai so ya biya sau biyu ba.

Na huɗu, waya. Lokacin karatu ka kashe data, ka jefa ta cikin jaka. Saƙon WhatsApp zai jira ka, lacca ba za ta jira ba. Ka kuma nemi abokai biyu masu himma, ku riƙa haɗuwa duk ranar Asabar kuna warware tsoffin tambayoyin jarrabawa.

Wata rana za ka makara, wata rana jiki zai ƙi. Kada faɗuwar yini ɗaya ta sa ka watsar da mako guda. Washegari da asuba ka koma kan tabarmarka. Da yayyafi kogi kan cika.

Ƙanena, kada ka jira Litinin mai zuwa. Ka fara gobe bayan sallar asuba. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya ba ka sa'a.