Damuwa Bayan Haihuwa: Kada Kunya Ta Hana Mai Jego Magani

Ke mai juna biyu, da kai maigida, da ku iyaye masu karɓar jego, darasinmu na wannan fitowa a kan lafiyar hankalin mai jego ne. A wurin awo muna auna jini da nauyi, mu saurari bugun zuciyar jariri. Amma akwai ciwon da ma'auni ba ya nunawa, sai an yi magana ake gane shi, shi ne ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 13 cikin 100 na samun lalurar hankali bayan haihuwa, galibi damuwa. A ƙasashe masu tasowa irin tamu adadin ya kusa 20 cikin 100, wato mace 1 cikin 5.

Abin da al'adarmu ta tanada

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mai jego ba a barinta ita kaɗai. A haihuwar fari mace kan tafi gida goyon ciki, ko a turo mata dattijuwa ta zauna da ita har arba'in. A ɗauke mata girki da wanki, 'yan barka su yi ta shigowa. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A Meziko da wasu ƙasashen Latin Amurka ma mai jego kan huta kwana 40 a hannun danginta mata. Hutu, abinci mai kyau da samun mai taya raino duk kariya ce daga damuwa. Ku riƙe su.

Inda matsalar take

Kunya da haƙuri ado ne ga mace, amma su ne kuma ke ɓoye wannan ciwo. Mai haihuwar fari ana son ta nuna kara, kada ta ɗauki ɗanta a gaban manya. To idan ciwo ne ya raba zuciyarta da jaririn, sai a ce kunya ce, har a yaba mata. Idan ta yi kuka a ce ta yi haƙuri, kowace mace haka ta yi. Ita kuma ba za ta iya cewa ba ta farin ciki ba, kada a ce ta yi wa Allah butulci. Shi ya sa yawanci da ciwon jiki take zuwa mana: kaina yana zafi, zuciyata na bugawa, wani abu na yawo a jikina. Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Sauyin sinadaran jiki bayan haihuwa, rashin barci, wahalar naƙuda, rasa jariri, rashin kuɗi da rashin jituwa da miji ko abokiyar zama duk suna iya jawo shi.

Kala uku ne, ku bambance su

1. Ɓacin ran kwanakin farko. Daga kwana 3 zuwa 5 mata da yawa kan yi kuka ba dalili, rai ya riƙa ɓaci. Wannan kan wuce da kansa kafin mako 2. Lallashi da barci ne maganinsa.

2. Ciwon damuwa. Idan abin ya wuce mako 2, ga rashin jin daɗin komai, kasa barci ko da jariri ya yi barci, ƙin abinci, ƙin wanka da kwalliya, ganin kanta ba ta iya komai ba, to a zo asibiti. Yana iya farawa tun da ciki, ko kowane lokaci cikin shekarar farko.

3. Rikicewar hankali. Tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci cikin mako 2 na farko, sau da yawa dab da suna. Mai jego ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa sambatu, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. A nan ne ake cewa iskoki ne ko sammu. Ku yi mata addu'a, amma ku kawo ta asibiti a ranar, domin zazzaɓi mai tsanani ko jijjiga ma na iya rikita mai jego, kuma suna kisa. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Haka nan duk wadda ta ambaci kashe kanta, ko sau ɗaya ne, a kawo ta ba tare da jinkiri ba.

Me za a yi mata a asibiti?

Za mu zauna da ita a keɓe, mu yi mata 'yan tambayoyi, abin da ta faɗa kuma sirri ne. Za a duba jininta da zuciyarta, don ƙarancin jini da ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka yi nazarinsa a nan Zariya tun shekarun 1970, su ma suna kawo kasala. Wata shawara kawai ta ishe ta, wata sai an haɗa da magani. Akwai magungunan da ba su hana shayarwa, sai dai sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, don haka kada a daina sha sai likita ya ce. Idan da buƙata za a tura ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wannan asibiti, akwai kuma asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Aikin kowa

Maigida, ragon suna da kayan barka ba su ne kaɗai haƙƙinta ba. Ka zauna ka tambaye ta yadda take ji, ka kuma ba da izini tun yanzu cewa ko ba ka nan a kai ta asibiti. Mama, ke da kike kwana ɗaki ɗaya da ita, ke za ki fara gani. Ki karɓi jariri ta samu barci, ki rage mata 'yan barka idan ta gaji. Ke kuma 'yar uwa, idan kin taɓa samun irin wannan a haihuwar baya, ko akwai shi a danginku, ki faɗa mana tun a awon farko. Kada ki fasa zuwa awon mako 6 bayan haihuwa ko da kina gidan iyayenki.

Wannan ciwo yana da magani, kuma ana warkewa. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da aka samu.