DARASIN NOMA: SASSABEN ZAMANI

Darasinmu na wannan wata a kan itatuwan gona ne.

Kowa ya ga yadda damina ta canza. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya ɗauke hatsi bai nuna ba. Idan gona ba ta da itace ko ɗaya, iska takan kwaso yashi ta binne shuka. Sai manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku. Iri ya ƙare, lokaci ya wuce.

Akwai magani, kuma ba ya bukatar kuɗi. Sunansa sassaben zamani.

INA AKA FARA SHI?

An fara wannan aiki a jihar Maraɗi ta ƙasar Nijar a shekarar 1983. Wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya daɗe yana dashen itatuwa, amma yawancinsu suna mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da ake sarewa lokacin sassabe tohon kututture ne. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Bayan farin 1984, manoma da yawa suka karɓi dabarar. An ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram.

YADDA AKE YI

1. Kafin sharar gona, ka zaga gonarka ka nemi kututturen da ya yi toho. Kada ka sa masa wuta.

2. Ka zaɓi itatuwa masu amfani, kamar gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya.

3. A kowane kututture ka bar rassa uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Ka sare sauran.

4. A rassan da ka bari, ka cire ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. Ka yi aiki da adda mai kaifi. Ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya saɓule.

5. Ka ɗaura tsumma a jiki, don kowa ya san itacen yana da mai shi.

6. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa.

Wannan itace ya fi na dashe saurin girma, domin saiwarsa ta riga ta yi nisa. Ba sai ka yi masa ban ruwa ba.

AMFANINSA

Itatuwa suna tare iska. Inuwarsu tana sa ƙasa ta riƙe laima. Ganyen da ya zuba yana zama taki. Rassan da aka sare suna zama itacen girki, mata su huta da tafiya mai nisa.

Ku dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su ci 'ya'yansa, su huta a gindinsa, su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi kyau.

GARGAƊI

Mutum ɗaya ba zai iya tsare itatuwa ba. Awaki za su ci, masu neman itace za su sare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna da mai unguwa da makiyaya da mata, ku yi doka tare.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka fara sassaben zamani?
2. Rassa nawa ake bari a kututture?
3. Yaushe gawo yake zubar da ganye?

AIKIN GIDA

Ka je gonarka ka ƙirga kututturen da ya yi toho. Ka rubuta sunayensu da yawansu, ka kawo wa malamin ajinku.