DARASINMU: LADABIN BAƘUNTA A WAJEN MUTANEN MAORI

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasar Niyu Zilan, can gabas da Ostireliya, wajen mutanen Maori, waɗanda suka riga Turawa zama a ƙasar. A ƙidayar 2023 sun kai kusan kashi 18 cikin ɗari na jama'a, kuma tun 1987 harshensu ya zama harshen hukuma. Duk wadda karatu, aiki ko rakiyar maigida ya kai ta can, da wuya ba a gayyace ta bikin tarbar baƙi da suke kira powhiri ba (ana furta shi "pofiri"). Galibi a marae ake yin sa, wato dandalin taron dangi.

1. Bakin ƙofa. Ki je da wuri, cikin doguwar sutura, an fi son mai duhu. Ki kashe waya. Baƙi ba sa shiga sai an kira su.

2. Kira. Wata dattijuwa daga masu gida za ta ɗaga murya ta yi kiran da ake ce wa karanga, mace daga ɓangaren baƙi ta amsa. Sannan a taka a hankali, yawanci mata a gaba, a ɗan tsaya don tuna mamata. Nan ba wurin hira ba ne. Hoto kuwa sai da izini.

3. Jawabai. A mafi yawan wurare maza ke zama a layin gaba, su ne masu jawabi, kowane jawabi a bi shi da waƙa. Kada ki tashi ki gifta ana magana, ko da ba kya jin harshen. Mai jawabin ƙarshe na baƙi shi ke ajiye koha, kyautar da aka haɗa, yawanci kuɗi a ambulan. Ki ba da naki tun a waje.

4. Gaisuwa. To, 'yar'uwa, nan ne wurin lura. Baƙi kan yi layi su gaisa da masu gida ta hanyar hongi, wato haɗa hanci da goshi, tare da musabaha. A wurinsu alama ce ta cewa numfashi ya haɗu. Da mata ba matsala. Amma idan ba kya gaisawa da namijin da ba muharraminki ba, kada ki bari sai kin zo gabansa ki ja da baya, don zai ji kunya a gaban danginsa. Tun kafin ranar ki gaya wa jagoranku ya sanar da dattawa, in kin iso ki ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

5. Abinci. Da shi ake rufe taro, kuma a al'adarsu cin abinci tare ne ke mayar da baƙo ɗan gida, saboda haka tafiya ba a ci komai ba bai dace ba. Sai dai gashin rami da suke kira hangi sau da yawa akwai naman alade a ciki. Ki tambaya cikin ladabi, ki ɗauki shayi, burodi ko 'ya'yan itace.

Sauran abin kiyayewa: cire takalmi kafin shiga babban ɗakin taro, kada a ci abinci a ciki, kada a zauna kan tebur ko matashin kai, kada a tsallake mutum, kada a taɓa kan wani.

Kowane marae da tsarinsa, don haka tambaya ta fi zato. Baƙo raɓa ne, amma abin da ya bari ana daɗewa ana tunawa. Allah Ya sa mu dace, amin.